MURJANI BA DUTSE BA NE: GYARAN WATA AMSA DA NA BAYAR A AJI

  

Akwai wani bashi a wuyana da nake son in sauke a wannan shafi, sai ka yi haƙuri ka saurare ni har ƙarshe. A shekarar 2009 ina karantar da 'yan aji huɗu Suratur Rahman, muka iso aya ta 22, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani. Sai wata yarinya da ke zama a sahun baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mene ne murjani?" Ban ko yi tunani ba na ce mata, "Dutse ne ja mai tsada, irin wanda iyayenku mata ke sawa a wuya." Ta sake cewa, "To Malam, in dutse ne, me ya sa sai a teku ake samunsa?" Nan fa na rasa ta cewa. Maimakon in ce mata ban sani ba, sai na ɗaure fuska na ce, "Ke, yi shiru ki ci gaba da hadda, kin cika surutu." Yara suka yi dariya, ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar ban ƙara ganin hannunta a sama ba.

Shekara huɗu bayan haka, wato 2013, Allah ya nufe ni da sauke farali. Muna Jidda muna jiran jirgi, sai muka shiga tsohuwar unguwar da ake kira Balad don sayen tsaraba, ni da wani abokin tafiyata wanda yake koyar da ilmin halittu a makarantar sakandare. Ya tsaya jikin wani tsohon gida, ya shafa bangon, ya ce, "Allah gafarta Malam, duba nan da kyau." Na duba, sai na ga jikin tubalin duk 'yan ramuka ne a jere kamar saƙar zuma. Ya ce, "Kowane rami da ka gani, ɗakin wata dabba ne. Wannan gida da ƙasusuwan murjani aka gina shi, daga Bahar Maliya aka haƙo su." Na ce, "Dabba kuma?" Ya ce, "Dabba mai baki da ciki, tana ci tana hayayyafa." Wallahi a take fuskar yarinyar nan ta faɗo mini a rai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo gida na zauna na yi ta tambaya da karatu. Ga abin da na samo, kai ma ka riƙe shi.

Da farko ka sani cewa dabbobi kashi biyu ne: masu ƙashin baya, kamar mutum da akuya da kaza da kifi da ƙadangare, da kuma marasa ƙashin baya, kamar tana da fara da gizo-gizo da dodon koɗi. Mu da muke tudu mun fi kula da kashin farko, don su muke kiwo. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin dabbobin da aka sani, marasa ƙashin baya ne, kuma teku cike take da su. Murjani yana cikinsu.

Ita dabbar murjani 'yar mitsitsiya ce, siffarta kamar 'yar jaka da aka kafa gindinta, bakinta na kallon sama. Kewaye da bakin akwai wasu 'yan hannuwa masu laushi, a jikinsu kuma akwai ƙwayoyin harbi masu dafi, waɗanda take sumar da ƙananan halittun da ruwa ya kawo, ta tura su baki. Ƙofa ɗaya gare ta: ta nan abinci ke shiga, ta nan abin da ya rage ke fita. Ba ta da zuciya, ba ta da jini, ba ta da ƙwaƙwalwa, sai 'yan jijiyoyi a baje cikin jiki kamar raga. Amma duk da haka tana zuƙo sinadari daga ruwan teku ta gina ƙashi mai tauri, kuma sinadarin nan shi ne dai wanda ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da ake yin siminti da shi. Ba ta zama ita kaɗai. Ɗaya ke tsirar da wata a jikinta, ita ma ta tsirar da wata, har su zama jama'a mai yawa a manne da juna bisa ƙashi guda.

Jan murjanin da ake yi wa amare tsakiya da shi, a Bahar Rum aka fi samunsa, wato tekun da ke tsakanin Afirka ta Arewa da Turai. Yana tsira a jikin duwatsu da koguna na ƙarƙashin ruwa, da rassa kamar 'yar bishiya. Dabbobin kansu farare ne, kowace da hannuwa 8, ƙashin ne ja. Kaurin reshensa ko milimita ɗaya ba ya ƙarawa a shekara. To ka ga ƙwayar murjani ɗaya mai kaurin ɗan yatsa da ke wuyan kakarka, aikin shekaru masu yawa ce. Akwai wani gari a Italiya kusa da Nafoli, sunansa Torre del Greco, wanda ya shahara da sassaƙa shi. Su ma masanan Turai sun daɗe suna ɗauka tsiro ne, har wani a 1706 ya ga fararen dabbobin sun buɗe ya ce furanni ne. Sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe mai suna Peyssonnel ya nuna cewa dabba ce, kuma da farko ba a yarda da shi ba.

Wanda aka yi gini da shi a Jidda wani iri ne daban, mai son ruwa mai ɗumi mara zurfi, inda hasken rana ke kaiwa. Dalili kuwa, a cikin naman jikinsa akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Ita tana haɗa abinci da hasken rana ta ba shi, shi kuma ya ba ta mazauni. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya fitar da ita, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ya faru a tekuna da yawa a 1998, ya sake faruwa a 2016 da 2024 a babban tudun murjani na gaɓar Ostareliya, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300. Daɗin daɗawa, garin Sawakin na Sudan, inda kakanninmu masu zuwa Makka da ƙafa suke shiga jirgin ruwa, shi ma da irin wannan aka gina tsofaffin gidajensa.

Ya kamata in faɗa maka kuma, malaman tafsiri sun yi bayani iri biyu a kan kalmar da ke cikin ayar. Wasu sun ce tana nufin ƙananan lu'ulu'u, wasu sun ce jan tsakiyar nan ce. Ko wanne aka ɗauka, amsata ba ta yi daidai ba, domin shi ma lu'ulu'u ba haƙo shi ake yi ba. A yau mukan kira daimon da wannan suna, amma lu'ulu'un teku a cikin kawa yake fitowa. Kawa dabba ce mai taushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa kamar littafi. Tana da wata fata da ta lulluɓe jikinta, mu kira ta mayafi, ita ce ke fitar da abin da ake gina ɓawon da shi. Idan wata 'yar tsutsa ko wani abu ya shiga ya ji wa mayafin ciwo, sai ya kewaye abin ya dinga shafa masa wannan ruwa mai sheƙi, shafi bisa shafi, shekara da shekaru, har ya zama ƙwaya mai walƙiya. Mutanen Bahrain sun daɗe suna nutso don nemansa, har Japanawa suka koyi kiwon kawa suna sa mata abin da gangan, kasuwar masu nutso ta faɗi a shekarun 1930.

To, ana cikin haka wata rana na shiga gaida Hajiya mahaifiyata, na tarar ta buɗe tsohon adudunta. A ciki akwai murjaninta na aure, da wuri kamar cikin tafi biyu da ta gada wurin tata uwar. Na ɗauki ɗaya na juya shi, na ga tsagar nan mai haƙora. Sai na tambayi kaina irin tambayar yarinyar nan: shi kuma wannan daga ina? Ashe shi ma ɗakin dabba ne.

Wuri ɗan'uwan dodon koɗi ne, sai dai shi a teku yake. Yana da ƙafa ɗaya shimfiɗaɗɗiya da yake jan ciki da ita, da 'yan ƙahoni biyu masu laushi da idanu a gindinsu, da harshe mai jerin haƙora kamar magagari, wanda yake kankare gansakuka daga jikin dutse. Jininsa ba ja ba ne kamar namu, ya fi kusa da shuɗi, domin jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa, mu kuwa baƙin ƙarfe. Yana ƙarami ɓawonsa a murɗe yake kamar katantanwa, sai ya girma bakin ya lanƙwashe ciki, ya bar tsagar nan. Ta tsagar yake fito da jikinsa, ta nan kuma yake komawa in ya ji tsoro. Ka taɓa tambayar me ya sa wuri yake da santsi da ƙyalli alhali katantanwa ba ta da shi? Mayafinsa ne ke fitowa ta gefe biyu ya hau bayan ɓawon ya rufe shi ruf, yana ƙara masa shafi daga waje. Macen kuma in ta yi ƙwai sai ta rufe su da ƙafarta har su ƙyanƙyashe, kamar kaza.

Mafi yawan wurin da aka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin Tekun Indiya. Ibnu Baɗuɗa ya isa can a 1343, har ya yi alƙalanci, ya ga yadda ake tara shi a ramuka a bakin ruwa sai naman ya ruɓe a kwashe ɓawon. Bayan shekara goma ya tarar ana saye da sayarwa da shi a Gawo, bakin kogin Kwara. Da farko ta Sahara yake isowa Afirka ta Yamma, daga baya jiragen Turawa suka dinga jibge shi a bakin teku. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, buhun tabarma mai wuri 20,000 kuwa shi ne keso. Da Turawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20 sai suka hana shigo da shi, anini da kwabo da sule suka maye gurbinsa. Amma bai bar bakinmu ba. Kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, kuma har gobe in za a kambama dukiya sai a ce wuri na gugar wuri. 'Yan'uwanmu na Gana ma, sunan kuɗinsu sidi, wanda aka fara a 1965, daga sunan wuri yake a harshen Akan.

A nan ina da magana da iyayenmu mata, cikin girmamawa. Har yanzu akwai masu ɗaura wa jariri wuri a wuya ko a ƙugu don tsari, akwai kuma masu zuwa wurin mai duba ya watsa wuri ya faɗa musu gobe. Iyayena, wannan abu kangon gidan wani ɗan dodon koɗi ne da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Bai iya kare kansa daga hannun masunci ba, ina zai kare ɗanki? Na faɗa wa Hajiya wannan magana, ta yi shiru, can ta yi dariya ta ce, "Kai, ashe ƙwaro muke ta ɓoyo a adudu!" Murjanin dai ta ce yana nan, na jikarta ne in ta tashi aure, na ce wannan ado ne, babu laifi.

Da na koma makaranta na nemi yarinyar nan don in gyara amsata, aka ce iyayenta sun ƙaura wani gari tun bara. Abin ya tsaya mini a rai. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da cewa bai sani ba idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ni kuwa da ban kai ƙurar takalminsa ba, sai na ji kunyar faɗin haka gaban yara talatin. Kuskuren amsa mai sauƙi ne, ana gyara shi da jimla ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne na koya wa yarinya cewa tambaya laifi ce.

Don haka ya kai ɗalibi, in ka ji kalma a karatu ba ka gane ba, ɗaga hannu cikin ladabi ka tambaya, in amsar ba ta gamsar da kai ba ka sake tambaya. Ku kuma 'yan'uwana malamai da iyaye, in yaro ya ƙure mu, mu ce masa, "Bari in bincika, gobe in faɗa maka," kuma goben mu cika alkawari.

Ke kuma 'yata, in Allah ya sa wannan mujalla ta iso hannunki, ko wani ya karanta miki, to ga amsar tambayarki: a teku kaɗai ake samun murjani domin dabbar teku ce ke gina shi. Tambayarki daidai take, malaminki ne ya yi kuskure. Ki yafe mini, kuma in kin taɓa faɗa wa wani cewa dutse ne, ki taimake ni ki gyara.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya yafe mana kurakuranmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.