Daga Zariya Zuwa Dundaye: Sammakon Neman Likitanci

Tun kafin hukumar JAMB ta fara sayar da fom, yayana ya ce in raka 'yarsa Sakkwato. Tana ajin ƙarshe na sakandare, ba ta daɗe da cika shekara goma sha shida ba, kuma tun tana firamare take cewa ita likita za ta zama. Asalinmu Sakkwatawa ne, aikin jirgin ƙasa ya kai kakanmu Zariya muka zauna. Abu biyu suka tashe mu: ta karɓo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar kakanninta, sannan ta ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da idonta kafin ta rubuta sunanta a zaɓin farko.

Mun bar tasha bayan sallar asuba kaɗan, cikin hazon hunturu. Wannan hanya ba a yi mata dare yanzu, direbobi ma ba sa yarda. Daga Funtuwa aka karya zuwa 'Yankara, sai Tsafe, inda hira ta ɗauke a motar kowa ya koma lazimi, har muka hango dutsen Kwatarkwashi. A Gusau aka tsaya aka ci abinci. Daga nan Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, shingen jami'an tsaro bayan shinge. Ita kuwa yarinyar tana rungume da littafin tsofaffin tambayoyin jarabawa, ta buɗe ta rufe, don ramukan hanya ba su bar ido ya tsaya kan layi ba. La'asar sakaliya muka wuce Dange muka shiga gari.

A Sabon Gari muka sauka, gidan wata goggonmu da ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Unguwa ce ta cakuɗa. A layi ɗaya za ka ji Sakkwatanci, ka ji Yarbanci, ka ji Ibo, ga shagunan magani ga masu janareto suna buga takardu. Goggo ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ta ɗiyar tamu? Kin taho lahiya? Mi kika son karantawa?"

"Likitanci, Goggo."

"Awo. Kowa likita. Kawo takardunki in gani."

Ban zaci da gaske take ba, sai ga ta ta ɗauko tabarau ta shimfiɗa takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya: takardar haihuwa, katin lambar ɗan ƙasa wato NIN, da takardar rajistar WAEC. Ta bi su da yatsa. A ɗaya an sa sunan uba a ƙarshe, a ɗaya an sa sunan kaka, a ta uku kuma an raba sunan yarinyar gida biyu. Mu a gida duk ɗaya ne, kowa ya san wa ake nufi. Kwamfuta ba ta san dangi ba. Tun shekarar 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke jikin lambar shi ke bin ɗalibi har ranar da za a tantance shi a jami'a. In ya saɓa da na sakamakon WAEC ko NECO, to an shiga zaryar kotu da takardar rantsuwa a daidai lokacin da wasu ke karɓar gurbi. Goggo ta ce ta ga yara masu ƙoƙari da suka yi asarar shekara a kan harafi ɗaya.

A daren nan na zauna na lissafa wa kaina abin da ake nufi da neman gurbi da wuri a ƙasar nan. A Amurka akwai wani tsari da manyan jami'o'i ke yi, ɗalibi ya miƙa takardunsa tun farkon Nuwamba, ya yi alkawarin in an ɗauke shi ba zai je ko'ina ba. Amma can ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a sake wata jarabawa, sannan a nemi makarantar likitoci. Yaro yana da sararin canza ra'ayi. Mu nan ɗan shekara goma sha shida ake sa wa alƙalami a hannu a ce ya yanke. Wanda ya yi rajista ranar farko da wanda ya yi ranar ƙarshe duk jarabawa ɗaya za su zauna: tambaya 180, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, maki 400. Abin da ya yi kama da wancan alkawari na Amurka shi ne zaɓin farko. Jami'ar da ake rububin likitancinta ba ta waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu, don na farkon ma sun yi mata yawa.

Washegari muka gama da ƙaramar hukuma kafin azahar, da taimakon wani dattijo da ya san gidan kakanmu. Kashegarinta muka nufi jami'a.

Mazaunin jami'ar na dindindin yana Dundaye, a hayin gulbin Rima. Ana barin cunkoson gari sai fadama ta buɗe, kore shar a tsakiyar rani: shinkafa, albasa, tattasai, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi. A Kwalkwalawa masunta sun jera kifi a bakin titi. Direban bas ɗin ya nuna mana inda ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye gada, har aka koma tsallaka mutane da kwale-kwale, karatu ya tsaya. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta fara karatu a 1977 da ɗalibai 93 kacal ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, sai a 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu. Na ce wa yarinyar ta riƙe wannan adadi na 93 a ranta, ta kwatanta da jarabawar 2025 da kusan mutum miliyan biyu suka zauna a faɗin ƙasa, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba.

A gindin wani dogon yaro muka tarar da wani ɗalibi yana bitar darasi, muka yi sallama. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya ya matsa mana a benci. Shi ma likitanci ya nema. Makinsa ya yi kyau, irin wanda ake yi wa walima a gida, amma aka ba shi wani fannin kimiyya. Ba ya zargin kowa. Ya ce gurbin ne ƙididdigagge: Majalisar Likitoci ta Najeriya ce ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, kuma ba a ƙetarewa. A cikin wannan ɗan adadin ne ake rabon da gwamnatin tarayya ta tsara wa jami'o'inta: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Takardar da muka karɓo jiya amfaninta ke nan. Amma ya ja kunnenta: kada ta ɗauka takardar asali za ta cike mata giɓin maki, don 'yan Sakkwato da Kabi da Zamfara masu irin takardar, kuma masu maki, sun fi kujerun yawa.

"Ƙanwata," in ji shi, "kin taɓa yin gwajin asid da hannunki, ko a allo aka zana miki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce sau da yawa a allo ne.

Nan ne gizo ke saƙa, a ganina. Hausawa na cewa in kana sammako wani a tafe ya kwana. Yaron da makarantarsu ke da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki tun aji huɗu, yake kuma taɓa kwamfuta kullum, ya riga ya yi nisa kafin a buɗe rajista. Tun 2015 jarabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma akwai yaran da ranar jarabawa ce ranar farko da suka riƙe linzaminta. Ga kuma sharaɗin kiredit biyar, Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, wanda yawancin makarantun likitanci ke son a kawo a zama ɗaya. Duk wannan ba a gyara shi a wata guda. Iyaye da yawa sai sakamako ya fito suke fara neman wanda suka sani a jami'a, alhali tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta koma bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS, inda ɗalibi ke ganin gurbinsa ya karɓa ko ya ƙi da kansa.

Ɗalibin ya ƙara mata da cewa samun gurbin ma ba shi ne ƙarshe ba. Shekarar farko a nan Dundaye ake yin ta, ana karanta kimiyya zalla, kuma wanda bai tsallake ba ba ya ganin asibiti. Shekara shida ne a takarda, in ba a yi yajin aiki ba. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Bayan nan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa.

Da yamma Goggo ta ce ba ta yarda a koma Zariya ba sai yarinyar ta ga inda aikin yake. Ta sa mayafi ta ja mu Asibitin Koyarwa, cikin gari wajen Gawon Nama, inda kwalejin likitancin take. Ba mu shiga ɗakin marasa lafiya ba, a baranda muka tsaya. 'Yan jinya sun shimfiɗa tabarmi da kwanuka da butoci, wasu daga ƙauyukan Kabi, wasu ma daga Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Wata tsohuwa riƙe da takardar magani tana tambayar duk wanda ya wuce ya karanta mata. Ɗalibai cikin fararen riguna suka wuce a bayan malaminsu da sauri, idanunsu jajur. Goggo ta ce mata, "Kin gane su? Wagga riga ba ado ta ba. Wari za ki sha, jini za ki taɓa, kuma wata rana ke za ki hwaɗa ma uwa ɗanta ya rasu." Ta ba ta labarin matan da ke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don ba sa son namiji ya duba su, da yaran da ake kaiwa asibitin cutar noma da ke garin, wanda aka buɗe a 1999, cutar da ke cin fuskar yaro saboda yunwa da rashin kulawa da wuri.

Ni dai na so ta sassauta. A jami'ar nan akwai haɗa magunguna, akwai gwajin jini, akwai jinya, akwai likitancin dabbobi a jihar da kiwo ke riƙe da gidaje da yawa. Ina ganin muna zaluntar yara da muke nuna musu cewa duk wanda bai zama "Dakta" ba ya faɗi, har wasu su yi shekara uku suna maimaita JAMB da makin da zai ba su wani fanni mai kyau tun karon farko. Na faɗa mata haka a kan hanyar komawa Sabon Gari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baffa, zan sa shi a zaɓin farko. In bai samu ba, sai mu yi maganar sauran."

Goggo ta goyi bayanta, amma da sharaɗi: a gyara sunan nan kafin rajista, kuma a nemo mata inda za ta riƙa gwajin jarabawa a kwamfuta duk Asabar. Da asuba ta rako mu bakin titi, ta tsayar mana da 'yan kabu-kabu biyu, ta damƙa wa yarinyar ƙullin fura da wata tsohuwar takarda da ta rubuta sunan a kai da manyan baƙaƙe, yadda take so ya fito a ko'ina. Ta ce in gaya wa yayana kuɗin takardar rantsuwa a kansa yake, tunda shi ya ba makaranta sunan kaka.