Rumbu a Hannun Maigida

A Dudunni, kamar sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, maigida ke riƙe da rumbu, shi ke cefane, shi ke ba da izinin zuwa asibiti. Amma in za a yi bayani kan abincin yara, galibi mata ake tarawa. Na daɗe ina juya wannan a raina. An koya wa uwa shayar da nono zalla wata 6, sannan kunun gero da gyaɗa da wake. To, in an sayar da waken tun kaka fa?

A Damagaram ta Nijar, tun 2008 hukumar UNFPA ta taimaka aka kafa makarantun mazaje, inda magidanta ke tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti. Mu ma muna da majalisar ƙofar gida da masallaci, ba sai mun jira wata ƙungiya ba.

Uban da ya ware wa yara wake, ya shawarci matarsa kafin ya kai hatsi kasuwa, ya karɓi jariri ta huta, girmansa bai ragu ba. Ciyarwa dama haƙƙi ne a wuyansa. Magidanta, mu fara daga rumbunmu.