Dutsen Gugan da ke Cikin Firinta

Tawadar alƙalami ruwa ce, takarda ke shanye ta. Ta firinta mai aiki da hasken leza kuwa gari ce: roba da aka niƙe ta yi laushi kamar kwalli, aka gauraya ta da launi. Na'urar takan jera garin nan a kan takarda da ƙarfin lantarki, amma a wannan mataki rubutun bai kama ba, ko da yatsa aka shafe shi zai share. Sai takardar ta ratsa wani sashe na ƙarshe mai tsananin zafi, wanda ke narkar da garin ya danna shi cikin jikinta, sannan harafi ya zauna daram. Ɗumin da ake ji a jikin takarda in ta fito, daga nan yake.

Masu gyara na wajen Kano suna kiran wannan sashe fiyuza, aro daga Ingilishi. Waɗanda suka koyi aikin da Faransanci suna kiransa da kalmar da ke nufin tanderu. Akwai wani dattijo mai gyaran na'urorin ofis a Damagaram da bai ɗauki ko ɗaya ba. Shi dutsen guga yake cewa. Hujjarsa ita ce tanderu zafi kaɗai yake bayarwa, guga kuwa zafi ne da dannawa, kuma da su biyun ake kama rubutu. Sunan ya dace, domin wanda ya taɓa ƙona riga da dutsen guga ya riga ya fahimci rabin matsalar.

Dabarar ɗora gari a takarda da lantarki ta samo asali ne daga Chester Carlson na Amurka a 1938. Gary Starkweather na kamfanin Xerox ya haɗa ta da hasken leza daga 1969, sannan a 1984 kamfanin HP ya fito da LaserJet, wadda ta shigar da abin cikin ƙananan ofisoshi. Duk canjin da aka samu tun daga lokacin, dutsen gugan bai sauya hali ba. Rola biyu ne masu juyawa, takarda na bi ta tsakaninsu. Ɗaya ita ke da zafi, wanda kan kai digiri 180 zuwa 200. A tsofaffin na'urori fitila ce a cikinta, a sababbi kuwa wata siririyar riga ce ke zagaye farantin ɗumama. An shafe bayanta da irin abin da ke hana abinci kamawa a tukwanen zamani, don kada narkakken gari ya manne mata. Ɗayar ta roba ce, aikinta dannawa. Akwai kuma ɗan ma'auni da ke lura da zafin, ya hana shi wuce kima.

Abin da ke shan wuta da gogayya kullum ba ya dawwama. Shafen nan yana sirancewa, robar tana taurara ko ta lotse, man da ke cikin rigar yana bushewa. Masu ƙera na'urar ba su ɓoye haka ba, sun ƙayyade masa shafuka: a LaserJet 4250, alal misali, ana sauya shi tare da rolar jan takarda bayan shafi 225,000. Kuma ba ya mutuwa sai ya yi sallama. Rubutu zai fara gogewa a hannu, takarda ta fito da tamoji, ko a ga inuwar layin sama ta sake bayyana a ƙasa. Idan tabo yana maimaituwa, dattijon kan ɗauko rula ya auna tazarar, domin tana daidai da kewayen rolar da ta ji rauni: mai faɗin milimita 24 takan maimaita tabonta kusan kowane milimita 75. Da haka yake gane ko laifin dutsen gugan ne ko na gangar da ke ɗaukar hoton rubutu.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda ake barin jaki ana dukan taiki. Wata shekara sakatariyar wata makaranta ta kira shi bayan ta sauya kwanson tawada har sau biyu. Ta buga wa ɗalibai takardun shaida a takarda mai kauri, wani yaro ya ninke tasa ya kai Yamai neman gurbin karatu, da aka buɗe sai aka tarar rabin sunansa ya ɓare a bakin ninkin. Aka dawo da shi, lokacin karɓar takardu kuma yana gab da ƙarewa.

"Baba, tawadar ce ta jabu," in ji ta.

Ya shafa babban yatsansa a kan wani shafi, ya nuna mata baƙin da ya ɗebo. Ya ce, "Ƴata, tawada ta yi nata. Wutar ce ba ta ishe ta ba."

Dutsen gugan ya tsufa, ga shi kuma ba a gaya wa na'urar cewa takarda mai kauri aka sa ba, alhali da an zaɓi hakan a kwamfuta da ta rage gudu don zafi ya ratsa. Aka sauya sashen, aka sake buga takardun duka, domin ba wanda ya san nawa ne daga cikinsu za su ɓare a aljihun masu su.

A ƙasashen Sahel sashen nan yakan tsufa kafin lokacinsa. Ƙurar hunturu na shiga tare da takarda tana kankare shafen a hankali. Da damina takarda kan sha laima, zafi ya tayar da tururi, ta nannaɗe ta maƙale. Wutar da ke hawa da sauka na wahalar da abin ɗumamar, wanda shi ya fi kome jan lantarki a na'urar. Shi ya sa ƙaramin batirin ajiyar wuta na kwamfuta ba ya ɗaukar firinta irin wannan. Sai kuma na'urorin hannu da ake shigowa da su daga Amurka, inda wuta take bolt 120, alhali ta Nijar da Nijeriya ta kai 220 zuwa 230: in aka jona su kai tsaye, ƙonewa za su yi. Garin tawada na araha da ake ɗurawa ma wani lokaci ba ya narkewa a zafin da na'urar ta saba, sai ya taru a jikin rola. Araha dai ba ta ado.

Sauran ɓarnar ta hannun mutane ce. Ƙarfen maƙale takardu guda ɗaya da aka manta a jikin shafi ya isa ya yage rigar. Takarda mai gam a baya kan bar danƙo a jikin rola. In takarda ta maƙale, mai gaggawa kan sa wuƙa ko almakashi, ya ciro takarda ya bar rauni. Ƙa'idar dattijon ita ce a kashe na'ura, a zare ta daga wuta, a ba ta kamar rabin awa ta huce, sannan a jawo takardar da hannu biyu a hankali, ta hanyar da take bi. In gari ya zuba a tufa, da ruwan sanyi ake wankewa, don ruwan zafi narkar da shi zai yi ya zauna.

A kowane ofis da yake zuwa, yakan manna ƴar takarda a cikin murfin firinta, ya rubuta ranar da ya sauya dutsen gugan da adadin shafukan da na'urar ta ƙirga a ranar. Yakan roƙi mai kula da kuɗin ofis ya tanadi na canji tun kafin lokacin jarrabawa ko na biyan albashi, domin kayan daga nesa ake kawo su, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu sukan ji, wasu sai na'ura ta tsaya cak suke nemansa. Ga wanda ya ji kuwa, gwajin ba ya cin ko dala: a ɗauki shafin farko na safiya, a murza shi da yatsa, a duba yatsan.