Ƙura a Kan Littafi

Ranar wata Talata da hantsi na shiga wani ɗakin karatu a nan Dutse. Kujeru a cike suke, amma kowa da abin da ya taho da shi daga gida: wannan tsofaffin tambayoyin JAMB, wancan takardun lacca. Kantocin littattafai kuwa ba mai waiwayarsu. A can ƙurya na zaro wani littafin Turanci mai kauri kan tarihin baƙar fata a Amurka. Ƙurar hunturu ta kwanta a bakinsa har sai da na hure, shafukansa kuma a manne suke, alamar tun da aka ajiye shi ba hannun da ya buɗe.

Wani saurayi da ke kusa ya leƙo, ya ce cikin ladabi, "Baba, ai wannan tarihin wasu ne, kuma ba ya fitowa a jarrabawa."

Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa ba shi labarin Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. Ɗan Kukawa ne, can ƙasar Barno. Yana yaro aka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha. Da ƙafarsa ya shiga Amurka yana ɗa, ba bawa ba, amma a 1863 ya ɗauki bindiga cikin rundunar baƙar fata ta 55 ta Massachusetts, a yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Bayan yaƙi ya koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a kudanci, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1873. Mutumin da ƙila kakanninmu sun haɗu da nasa a hanyar fatauci, yau ga jikokinmu suna cewa labarin wasu ne.

Abin ya tsaya mini a rai, musamman da na tuna yadda bidiyon kisan George Floyd, wani baƙar fata a Amurka, ya zagaye wayoyin samarin garin nan a 2020. Sun ji zafin abin, amma asalinsa ba su da inda za su ji.

A Amurka, duk watan Fabrairu ɗakunan karatu kan shirya zama na musamman kan tarihin baƙar fata. Mu ba ma buƙatar wata guda. Zama ɗaya ya isa a fara, bayan la'asar, wani malami ya karanto labarin ɗan Kukawa ya fassara da Hausa, a haɗa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, don mu dubi bautar da aka yi a namu gidan ma.

Masu kula da ɗakunan karatunmu, don Allah ku gwada ko sau ɗaya ne. Ni dai zan zo, kuma zan taho da wannan saurayi.