GAYA, TAKAI, BIRNIN KUDU: MUNA TA MUSU A KANSU, AMMA MUN TAƁA ZUWA?

Jama'a, tun 2019 da aka ƙirƙiro sababbin masarautu a jihar Kano, har zuwa watan Mayun 2024 da aka rushe su, sannan aka dawo da Gaya da Rano da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu, babu sunayen da suka sha ambato a dandalin nan kamar na garuruwan nan. An yi zage-zage, an ɓata zumunci, wasu har yau ba sa ga-maciji da juna. Mu nan Wudil ma ba a bar mu a baya ba, tunda mu ma an taɓa saka mu ƙarƙashin Gaya.

Yau ba maganar wa ke da gaskiya na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce da ni. A cikin masu wannan musun, mutum nawa ne ya taɓa ɗaukar ƙafa ya je Gaya ko Rano don kawai ya ga garin? Ban da ɗaurin aure, ban da gaisuwar mutuwa, ban da kamfen.

Ku duba abin da ke kewaye da mu. Daga nan Sabon Gari zuwa Gaya bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Gayar nan ita ce tarihin baka ya ce daga cikinta maƙera suka taso suka je gindin Dala neman tama, waɗanda ake kira Abagayawa. Wato kafin a yi birnin da muke taƙama da shi, an yi Gaya.

Ka miƙa hanyar gabas, ga Takai. Da Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, can Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ya tare da 'yan uwansa da magoya bayansa. Daga nan aka ƙulla yaƙin Basasa, wanda ya kai Alu Babba ga shiga Kano a 1894. To kun ga rigimar sarauta ba a kanmu aka fara ba. Wanda ya san abin da Basasa ta ci na rayuka da dukiya, zai rage zafin bakinsa idan yana rubutu a Facebook.

Ta kudu da birni kuma ga Santolo, wadda ta gagari Kano sai a zamanin Sarki Yaji, lokacin da Wangarawa suka zo. Ga Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tana zaune cikin duwatsunta. Ga Bebeji, inda sojojin Turawa suka fasa ƙofa a farkon Fabrairun 1903, kwana biyu kafin su ci Kano.

Amma inda ya fi tsaya min a rai shi ne Birnin Kudu. Lokacin hutun ƙaramar Sallah na kwashi yara muka je, kan titin nan dai da muke ganin manyan motoci suna bi kullum. Da yawanmu abin da muka sani game da garin shi ne kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya yi. Alhali a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen da mutanen da can suka yi a jikin dutse, tun kafin a san wani abu wai shi Najeriya. Akwai kuma duwatsun da idan ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950.

Yawancin zanen na shanu ne. Ɗana na biyu, wanda ya saba bin kawunsa kara ranar Juma'a, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Baba, wai me ya sa shanun nan ba su da tozo?" Wallahi tambayar ta fi min darasin aji goma. Gaskiyarsa ne, irin shanun da aka zana ba irin waɗanda ake daddalewa a kasuwar Wudil ba ne. Wata irin saniya ce da ta taɓa kiwo a ƙasar nan, yanzu babu ita a wajenmu, sai hotonta a dutse. Yaro ya gano haka da idonsa, ba wanda ya ce ya haddace.

To me ya sa nake damun ku da wannan? Saboda abubuwan nan ƙarewa suke yi muna kallo. Aiki yana kai ni ƙananan hukumomi, kuma abin da nake gani kusan iri ɗaya ne. Ganuwar gari an mayar da ita wajen ɗibar ƙasa, inda ya rage an yanka filoti. Tsohon soro mai baka da azara, damina ɗaya ta tsaga shi, sai a ture a ɗora bulo da kwano. Karofin marina an cike shi da shara. Dattijon da ya san sunan kowace ƙofa da dalilin sunan, ana yi masa sallah a kai shi, a rufe da duk abin da ke kansa.

Za ku ce ai aikin gwamnati ne. Haka ne, akwai haƙƙi a kanta. Amma a matsayina na wanda ya daɗe yana ganin yadda fayil ke tafiya, bari na faɗa muku: abin da ba mai zuwa wajensa, ba mai tambaya a kansa, ba ya shiga kasafin kuɗi. Sukur da ke Adamawa ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999, tsohon garin Agadas a 2013. Na Agadas ɗin nan ginin ƙasa ne irin namu. Mutanensa ne suka riƙe shi, suna yaɓe, suna gyara, kafin duniya ta waiwaye su.

Wasu kuma za su ce a wannan tsadar man wa ke ta yawon buɗe ido? Na yarda, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa a takure yake. Shi ya sa ban ce Dubai ba, ban ce Yankari ba. Kuɗin motar Gaya na ce. Abin da muke kashewa a data cikin mako guda muna musu ya isa. Masu cewa wuraren tsafi ne kuwa, ba bauta za ka je yi ba. Ganin kufan waɗanda suka shuɗe wa'azi ne ga mai hankali.

Idan za ku je, ga 'yar shawara. Ku fara tambayar lafiyar hanya, don zamanin ya canza, kuma ku juyo kafin magariba. Kuna isa ku nemi mai unguwa ko dagaci ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Shi zai haɗa ku da wanda ya san gari. Kada ku ɗauki hoton mutane ko gidajensu sai da izini. Ku sallami wanda ya zagaya da ku, ku sayi wani abu a garin, ko da tukunya ce ko fura, don mutane su ga cewa tsohon abin nan nasu yana kawo alheri. Idan dattijo ya yarda, ku naɗi maganarsa a waya, ku rubuta sunan garin da ranar. Kuma don Allah kada yaro ya rubuta sunansa a jikin dutse.

Malaman makaranta, musamman na nan Wudil da muke da jami'a a ƙofar gida, fita ɗaya a zango ba za ta gagara ba.

Kowa ya faɗa mana a ƙasa: wane tsohon abu ne ya rage a garinku, kuma a wane hali yake yanzu? Mai hoto ya saka. Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.