Ranar da Na Zauna Kusa da Kare a Jirgi

'Yan'uwa mata, a hanyata daga Istanbul zuwa Jamus wajen ƙanwata da ta haihu, wata dattijuwar Baturiya ce ta zauna kusa da ni. Jirgi na tashi sai na ji motsi cikin jakar da ke gindin ƙafarta. Ashe ɗan kare ne! Gabana ya faɗi, na tattare hijabina.

Da ta lura, ta ce ba za ta buɗe jakar ba har mu sauka. Kamfanoni da yawa suna barin kare a cikin fasinjoji in shi da jakarsa ba su wuce kilo 8 ba. An yi masa rigakafin haukan kare, har fasfonsa ta nuna min.

Damuwata ita ce tsarkin tufafina. Sai na tuna abin da nake koyar da ɗalibaina: a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa wa baki ake wankewa sau 7. Nan hankalina ya kwanta.

'Yar'uwa, in haka ta same ki, kar ki ta da hayaniya. Roƙi ma'aikaciyar jirgi cikin ladabi ta sauya miki kujera.