Na Kama Zuciyata Tana Yanke Hukunci Ba Da Sanina Ba

Wallahi ban taɓa sanin akwai tazara tsakanin abin da ya faɗo wa mutum a rai da abin da zai aikata ba sai daminar bana! Ina tsakiyar maimai a gonar gero, nan Shanono, bakin hanyar Faruruwa, sai wani ɗan'uwana ya wuce a babur, ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba. Kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace, magana ta diro mini a zuciya a shirye tsaf: ya raina ka ne don ya samu. Ƙirjina ya ɗau zafi, na damƙe ƙotar fartanya, har na fara tsara baƙar maganar da zan yaɓa masa. Sai na tsaya cak. Wa ya faɗi wannan? Ban auna ba, ban bincika ba, amma an gama shari'a a cikina, ni kawai ake jira in zartar!

Daga ranar na sa ido, abin kuwa ya fi ƙarfin lissafi. Hadari ya haɗu ya watse: shi ke nan, bana an yi asara. Yaro ya zubar da kunu: wannan ba zai taɓa hankali ba. Hannu ma ya san hanyar aljihu, ya zaro waya ba wanda ya kira.

Da zafi-zafi na kai wa kawuna, mai karantarwa a zaure. "Kawu, ka san zuciya tana magana ba a sa ta ba?" Ya ce, "Ɗana, zauna, wannan tsohon karatu ne." Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jera matakai huɗu a Ihya'u Ulumiddin: abu ya ɗarsu, rai ya karkata, zuciya ta ga ya dace a yi, sannan a ƙudura. Biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba shi ya zaɓa ba. Wannan ya sanyaya mini rai matuƙa: ashe ba duk abin da ya ratsa ni ne halina ba! A Amurka ma, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya ci karo da haka a shekarun 1960 wajen masu ciwon damuwa, ya riƙa sa su rubuta tunanin, su nemi hujjarsa.

Ranar kasuwa na gwada. Dillali ya taya akuyata, nan take raɗar ta zo: cutarka zai yi. Na ce mata ina shaida? Na ja igiya na zagaya kara, na ji tayin wasu, duk ba wanda ya kai nasa. Na dawo na ce, "Malam, kawo kuɗin, na sallama."